Babi na Bakwai: Ɗalibi, Guduma da Mutanen Gari

Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, hunturu ya fara busowa, to lokacin masu nazarin duwatsu ya yi. Da damina ganye ya rufe ƙasa, rafuka sun cika, hanyoyin ƙauye sun caɓe. Da rani kuwa ƙasa takan buɗe jikinta: falalen dutse ya fito sarari, gaɓar kogi ta nuna hawa-hawan laka da yashi da tsakuwa, mutum ya bi tsakiyar rafi a ƙafa yana karanta abin da ruwa ya tone. A irin wannan lokaci ne za ka ga motocin jami'o'in Zariya da Jos da Bauchi da Minna da Maiduguri sun tsaya a bakin hanya, samari da 'yan mata sun sauko da huluna da jakunkuna, kowa da guduma a hannu. Ɗaliban jiyoloji ke nan, masu koyon ilimin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, sun fito aikin fili.

A babin da ya gabata mun ga yadda duwatsu ke samuwa da yadda suke ruɓewa su koma ƙasa. Wannan babi kan mutanen da ke koyon karanta su ne, da kuma mutanen da ake zuwa garuruwansu a yi karatun. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai wani haƙƙi da aka daɗe ba a sauke shi yadda ya kamata ba.

Gani ya kori ji

Kayan aikin ɗalibi ba su da yawa. Akwai guduma mai tsini a baya, wadda yake fasa dutse da ita don ya ga cikinsa, domin rana da ruwa sukan sauya launin bayansa. Akwai ɗan madubin ƙara girma da yake ratayawa a wuya, da kamfas na musamman mai nuna inda shimfiɗar dutse ta dosa da yadda ta karkata. Sai taswira, da littafin rubutu mai kauri, da 'yar kwalbar asid mai rauni da ake ɗiga wa dutse: idan ya yi kumfa, akwai farar ƙasa a jikinsa. Yanzu wayar hannu takan faɗa wa mutum daidai inda yake tsaye, amma ba ta faɗa masa abin da yake takawa.

Aikin kansa tafiya ce. Ɗalibi zai ratsa yankin da aka ba shi daga wannan gefe zuwa wancan, duk inda dutse ya leƙo ya tsaya, ya auna, ya zana, ya rubuta, ya ɗebi guntu ya sa masa lamba. Da yamma a zauna a zuba abin da aka gani a kan taswira da fensir mai launi. Bayan an koma makaranta a yanka guntayen nan a goge su har kaurinsu ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita, yadda haske zai ratsa su a ƙarƙashin madubin bincike. Kafin ya kammala digiri, ana sa ran ɗalibi ya zana taswirar wani yanki da kansa, ya kuma iya kare ta a gaban malamansa.

Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar sun dace da wannan karatu ƙwarai. Kusan rabin faɗin Nijeriya yana zaune ne kai tsaye a kan tsofaffin duwatsun gindi, waɗanda wasunsu a kewayen Kaduna suka haura shekaru miliyan 3,000. Dutsen Kufena na Zariya yana cikin waɗanda suka daskare a can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, daga baya zaizaya ta kware abin da ya lulluɓe shi. Duwatsun Jos masu ɗauke da kuza ƙannensa ne na nesa, shekarunsu wajen miliyan 160 zuwa 170. Su ɗin ma wani yanki ne na dogon jeri da ya taso daga tsaunukan Azbin, ya ratsa Damagaram, ya biyo ta Ririwai a jihar Kano, kuma gwargwadon yadda kake yin kudu, gwargwadon yadda shekarunsu ke raguwa.

Idan aka nufi Sakkwato sai labari ya sauya. Can duwatsun a kwance suke hawa-hawa, domin akwai zamanin da teku ya ratsa Sahara ya mamaye wurin. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita cike take da ɓawon halittun ruwan gishiri. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, wadda masana suka raɗa wa sunan garin, Goronyosaurus. A mahaƙar Ashaka ta jihar Gombe, ɗalibi yakan tsinci dodon-koɗin teku da ya zama dutse, alhali teku mafi kusa yana can ɗaruruwan kilomitoci. Wanda ya riƙe irin wannan a tafin hannunsa sau ɗaya ya samu abin da lacca goma ba za ta ba shi ba.

Wata shida a hannun masu aiki

Bayan fitar da malamai ke yi da ɗalibai, akwai zaman koyon aiki. A shekarar 1973 Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF mai hedikwata a Jos, ya ɓullo da shirin SIWES, saboda masu ɗaukar aiki sun yi ta kukan cewa waɗanda suka kammala karatu sun san takarda amma ba su san aiki ba. A ƙarƙashin shirin, ɗalibin jiyoloji yakan yi kimanin wata shida a wata ma'aikata. Wasu sukan je Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Nijeriya, wadda asalinta ya koma 1919. Wasu su tafi kamfanonin siminti, ko wuraren fasa dutse, ko hukumomin samar da ruwa a karkara. Da yawa kuma sukan bi masu haƙa rijiyar burtsatse.

A nan ne yaro yake gane cewa karatunsa ya shafi tukunyar mutane. A ƙasar da ke kan dutsen gindi, ruwa ba ya kwance ko'ina. Yana taruwa ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke saman mai tauri, wanda ke riƙe shi kamar soso, da kuma cikin tsagogin da ke ƙasa da shi. Shi ya sa za a haƙa a nan a samu ruwa, a matsa taku hamsin a haƙa a tarar da busasshen rami. Kafin a kafa inji, akan ja wayoyi a kafa ƙarafa a ƙasa, a tura lantarki, a auna yadda ƙasar ke tare shi, domin jiƙaƙƙen wuri ya fi busasshen dutse barin lantarki ya wuce. Ɗalibin da ya yini yana jan waya a rana, ya kwana yana lissafi, sannan ya tsaya ya ga ruwa ya yi tsiri daga inda aka nuna, mata suna guɗa, ya san amfanin abin da ya karanta. Wanda kuma ya ga an kashe kuɗin da gari ya yi karo-karo ya tara a ramin da bai ba da ko ɗigo ba, saboda an ƙi yin awo, shi ma ya ɗauki darasi.

Malaman da ba su cikin rajista

Hausawa sun ce sai da ɗan gari akan ci gari. Malamin da ya san aikinsa ba ya sakin ɗalibai cikin daji kafin ya kai gaisuwa wurin hakimi ko dagaci da takarda a hannu. Dalili a bayyane yake. Baƙi masu guduma da taswira suna tayar da hankali: wani zai ce zinariya suke nema, wani ya ce gwamnati ce za ta karɓe gonaki. Akwai duwatsun da mutanen gari ke girmamawa, akwai tsofaffin maƙabartu, ga kuma halin rashin tsaro da ya hana shiga wurare da dama a Zamfara da Birnin Gwari. Idan an yi sallama yadda ya dace, aka ce, “Ranka ya daɗe, ɗalibai ne, karatu ya kawo mu,” mai gari yakan haɗa su da wanda ya san dajin.

Wannan ɗan rakiya sau da yawa shi ne malami na biyu. Mafarauci ya san kowane kwari da kowane fa. Mai ginin tukwane ta san ramin da yumɓunsa ba ya tsagewa a wuta. Mai haƙar rijiya kuwa ya shiga inda ɗalibi bai taɓa shiga ba. Ka tambaye shi, “Baba, me kuke tararwa idan kun nutsa?” zai jero maka: jar ƙasa, sai marmara, sai laka, sai ruɓaɓɓen dutse mai damshi, daga nan sai fa wanda diga ba ta cinsa. Zai ƙara da cewa, “Ɗana, inda ka ga goruba ko giginya sun yi yawa, ruwa ba ya nisa.” Abin da littafi ya zana ke nan, shi kuwa da hannunsa ya taɓa shi shekara da shekaru.

Haka abin yake tun farko. Mutanen da suka zauna a gindin Dala sun san tama, suna narka ta tun wajen ƙarni na 7. Maƙeran Ririwai suna narka kuza su zuba ta siri-siri, fatake su kai ta kasuwanni masu nisa, kuma ganin wannan haja ne ya sa kamfanin Turawa na Neja ya bi sawu har tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20. Mutum-mutumin Nok da duniya ke alfahari da su, a ramukan kuza aka fara tono su a 1928, kuma wani kai na yumɓu da aka samu a yankin Jama'a ya isa hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a 1943 ne bayan ya fito daga hannun ma'aikatan haƙa. Ilimin duwatsun wannan ƙasa da taimakon mutanen karkara aka gina shi. Sai dai akasari ilimin hanya ɗaya yake bi. A sha ruwan gari, a kwana a makarantar gari, a ɗebi duwatsun gari, a tafi. Rahoton ya ƙare a kan kanta a jami'a, cikin Turancin da ko mai rakiyar ba zai iya karantawa ba.

Abin da ya faru a Zamfara

Duk mai ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna 2010. A ƙasar Anka da Bukkuyum akwai jijiyoyin farin dutse masu ɗauke da zinariya. Da farashinta ya haura dala 1,000 kowane oza, manoma da yawa suka koma haƙa. Sukan kawo dutsen gida a buhu, a farfasa shi, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Abin da ba su sani ba shi ne wasu jijiyoyin cike suke da dalma.

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Sai yara suka shiga amai da jijjiga da suma, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba sa samun sauƙi. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Gwajin jini ya nuna gubar dalma. Binciken da aka yi a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu a cikin shekara guda. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 10 cikin 100. Yaran da suka rasu a jihar sun fi 400, dubbai kuma suka kamu, wasu da lahanin ƙwaƙwalwa na har abada. Masana duwatsu na gwamnatin Amurka da suka gwada samfurin sun nuna cewa iska da ruwa sun riga sun juya yawancin dalmar zuwa wani nau'i mai saurin narkewa a cikin ciki, shi ya sa ƙurar da yaro ya lasa a yatsa ta isa ta yi ɓarna.

Ma'adinin dalma yana cikin na farko-farko da ake nuna wa ɗalibi a ɗakin gwaji: nauyi gare shi, launin toka mai ƙyalli, yana fashewa murabba'i-murabba'i. Ɗalibin ya kuma san cewa dalma takan yi tafiya tare da zinariya a jijiya ɗaya. Wannan sani yana nan a jami'o'inmu tun kafin a haifi yaran Dareta. Gaskiya ne talauci ne ya tura iyayen cikin rami, kuma wa'azi kaɗai ba ya cika tumbi. Amma ba haƙar ce ta kashe yaran ba, shigo da dutsen cikin gida ne. Matakan da aka ɗauka daga baya ba su fi ƙarfin talaka ba: a fitar da niƙa bayan gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa don kada ƙura ta tashi, mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, kada a daka dutse a turmin abinci. An kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje an zuba sabuwa, har aikin ya kai ƙauyen Bagega a 2013. Duk da haka, a 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Shekara biyar ba ta isa saƙon ya tsallaka daga jiha zuwa maƙwabciyarta ba.

Akwai irin waɗannan da yawa da ba su kai ga jaridu ba. A Kaltungo da Langtang, ruwan wasu rijiyoyi yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, shi ke rina haƙoran yara, kuma daga dutsen wurin yake fitowa. A kewayen Jos, tsofaffin ramukan kuza sun zama tafkuna masu zurfi da ke cin rayuka, kuma baƙin yashin da ya rage bayan wanke kuza yana fitar da tururin nukiliya, bai kamata a yi gini da shi ba. Duk waɗannan ɗalibi ya karanta su don cin jarrabawa. Mutumin da ke zaune a kansu shi ya fi kowa buƙatar jin su.

Yini guda a makarantar gari

Hanyar sauke wannan haƙƙi ba ta buƙatar kasafin kuɗi mai yawa. A kowace fita, a ware yini ɗaya na makarantar garin da aka sauka. Ɗalibai su shiga aji da kwali cike da duwatsun da suka tsinta a bayan garin, a bar kowane yaro ya taɓa, ya jinjina, ya leƙa ta madubi. A kankare farar ƙasa a matsa mata lemon tsami, yara su ga tana kumfa. A ja maganaɗisu cikin yashin rafi, su ga baƙaƙen ƙwayoyin tama sun manne. A huda gwangwani uku, a cika ɗaya da tsakuwa, ɗaya da yashi, ɗaya da laka, a zuba ruwa, a bar su su faɗi wanda ya fi saurin zubarwa. Daga nan sai a tambaye su dalilin da ya sa ake so masai ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya. Su da kansu za su ba da amsa, kuma za su kai ta gida kafin magariba.

A yi bayanin da harshen da yaran ke ji. Wannan gwaji ne ga ɗalibin ma, domin wanda ya kasa fahimtar da ɗan aji biyar yadda ruwa ke zama a cikin dutse, shi ma da sauransa. A sa ɗalibai mata a gaba. Yarinyar ƙauye da ta ga wata yayarta da hijabi da takalmin daji, tana fasa dutse tana faɗin shekarunsa, ta ga wata ƙofa da ba ta san da ita ba. Ɗalibai mata ne kuma ke iya shiga cikin gida su zauna da matan aure, inda turmi da tsakar gida suke, wato daidai wurin da gubar Zamfara ta yi ɓarnarta.

Wasu sun riga sun gwada haɗa bincike da tarbiyyar yara. Paul Sereno, masanin da ayarinsa ya yi aikin tono a hamadar Nijar, wanda ya raɗa wa dabbar Nigersaurus mai haƙora sama da 500 suna a 1999, shi da Gabrielle Lyon sun kafa wata ƙungiya mai suna Project Exploration a birnin Chicago a shekarar 1999 ɗin, don jawo 'yan mata da yaran da ba su da gata zuwa kimiyya. Ƙasusuwan da aka tono a Gadufawa, cikin hamadar Nijar ɗin, sun sa yaran Amurka sha'awar karatu. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai yana nuna irinsu ga duk wanda ya isa can. Yaron Agadas da na Goronyo da na Ashaka, waɗanda a ƙasarsu waɗannan abubuwa suke, sun cancanci a kai musu labarin har cikin ajinsu.

Kafin a naɗe kaya, a koma wurin mai gari. A ba shi taƙaitaccen bayani a shafi ɗaya ko biyu, da boko ko da ajami: ga irin dutsen da garinku ke kai, ga inda muke kyautata zaton ruwa, ga rijiyar da ya kamata a gwada, ga dutsen da bai kamata ya shiga gida ba. A faɗi iyakar abin da aka tabbatar, kada a yi alkawarin arziki. A ajiye kwafi a ƙaramar hukuma, a bar wa makaranta kwalin duwatsu da sunan kowanne a rubuce. Jami'o'i kuma su sa wannan yini cikin abin da ake ba wa maki, ITF ta buɗe masa shafi a littafin da ɗalibi ke cikewa, domin abin da ba a duba shi ba a cika yin sa ba.

Kowace shekara ɗaruruwan ɗaliban jiyoloji suna shiga ƙauyukan da jami'in lafiya ko na ma'adinai ba ya kaiwa sai an yi rashi. Sun riga sun isa wurin, sun san abin da za su faɗa, mai gari kuma ya riga ya karɓe su. Abin da ya rage shi ne malamansu su ɗauki koyar da mutanen gari a matsayin wani ɓangare na horon, daidai da riƙe kamfas da zana taswira. A babi na gaba za mu bi ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa daga tudun Jos zuwa Tafkin Chadi, mu ga dalilin da ya sa wasu rijiyoyin Barno ke tunkuɗo ruwa sama ba tare da famfo ba.